Minti Goma a Gida: Atisayen Tattara Hankali ga Masu Jin Muryoyi

A shekarun baya, likitoci na kaffa-kaffa da koya wa masu taɓin hankali mai tsanani atisayen tattara hankali, musamman masu jin muryoyin da ba wanda ke ji sai su. Rahotannin da suka fito tun shekarun 1970 sun nuna wasu sun rikice bayan dogon zaman shiru. Tsarin da Jon Kabat-Zinn ya ƙirƙiro a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979 kuwa yana buƙatar minti 45 a gida kusan kullum, har tsawon mako takwas. Ga wanda muryoyi ke zagi dare da rana, wannan ya yi yawa.

Masanin halayyar ɗan'adam Paul Chadwick na Ingila ne ya sauya lissafin. A binciken da ya wallafa da abokan aikinsa a 2005, an rage atisayen, wanda ake yi a zaman rukuni, zuwa kimanin minti goma. Mai jagora ba ya barin shiru ya daɗe. A kai a kai yana tunatar da mahalarta su koma kan numfashinsu, ko su ji tafin ƙafarsu a ƙasa. Ba a ce musu su kori muryar ba, sai dai su lura da zuwanta, su bar ta ta wuce ba tare da sun yi musu da ita ba. Aikin gida kuma, da ake yi da sautin da aka naɗa, ana ƙarfafa shi ne, ba a tilasta shi.

Dalilan yaɗuwar tsarin a fili suke. Magani ba ya kawar da muryoyi ga kowa, zaman rukuni ya fi na mutum ɗaya-ɗaya sauƙin kuɗi, sannan zama ɗaya a mako ba ya isa abin ya zama ɗabi'a. Muryoyin ma sun fi damun mutum idan ya kaɗaita a ɗakinsa, don haka can ne ake buƙatar dabarar.

Sakamakon dai gauraye yake. Gwajin tsarin Chadwick da aka yi kan mutum 108, aka wallafa a 2016, ya nuna raguwar damuwar da muryoyi ke jawowa da kuma ta ƙuncin rai, amma babban ma'aunin da aka sa a gaba bai nuna bambanci a fili ba. Wata bitar bincike ta 2017 kan tsarin mako takwas ta gano cewa mahalarta na yin kashi 64 cikin 100 ne na aikin gida. Idan haka ne ga sauran jama'a, ina ga wanda magani ke sa shi barci da kasala, ko mantuwa ke damunsa, ko yake zaune a gida mai hayaniya?

Nan ne gizo ke saƙar. Rashin tilastawa yana kare majinyaci daga jin cewa ya gaza, amma yana iya sa atisayen ya tsaya a ƙofar asibiti. Abin da ya dace shi ne masu jinya su tsara aikin gida tare da majinyaci: wane lokaci, a wane wuri, da abin da zai yi idan muryar ta tsananta. A riƙa tambayarsa a kowane zama yadda ta kaya, a kuma sanar da iyalinsa cewa atisayen ƙari ne kan magani, ba madadinsa ba.