Tsargiya da 'Yan Makaranta a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Cikin watan Maris na 2024 na fita rangadin makarantu a arewacin ƙasar Zazzau. Na fara daga Hunkuyi da Likoro, na ratsa ta Tashar Yari na shiga Maƙarfi, daga nan na wuce Ikara da Paki. Ran nan da hantsi ina zaune bayan aji huɗu a wata makarantar ƙauye da ke bakin fadama, ina sauraron malami yana koyar da lissafi, sai na lura da wani yaro ya ɗauki izinin fita fitsari har sau uku kafin a buga ƙararrawa. Da aka tashi na tambayi hedimasta ko yaron lafiya. Ya yi murmushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsargiya ce. Duk yaran nan haka suke, in sun girma za ta bar su."

Na koma ajin na ce duk wanda ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa ya ɗaga hannu. Aji ya ɗauki dariya, hannuwa suka tashi ta ko'ina, waɗansu har da miƙewa tsaye don in gan su da kyau. Wani ɗan ƙarami da bai ɗaga ba sai na ji na kusa da shi yana yi masa ba'a, wai shi har yanzu bai zama namiji ba. 'Yan mata kuwa ko ɗaya ba ta motsa ba, kowace ta sunkuyar da kai, alhali kuwa su ke wanki da ɗiban ruwa a rafin da mazan ke wanka.

Ban ga laifin hedimastan nan ƙwarai ba, don ni ma da wannan jita-jita na tashi. Sa'ad da ina yaro na yi tsargiya, aka ce mini zafin rana ne, wani ya ce yawan shan rake ne, wani tsoho kuma ya taya ni murna wai balaga ce ta ƙaraso. Sai da na shiga makarantar horon malamai, malaminmu na kiwon lafiya ya nuna mana ƙwan tsutsar a madubin likita, sa'an nan na san abin da na daɗe ina ɗauke da shi. To, tun da yake malamai su ne ke wuni da yaran nan, akawunan ƙananan hukumomi kuma ta hannunsu lissafin magani ke bi, ya kamata dukanmu mu san yadda cutar take, ciki da bai.

Tsutsa ce ke kawo ta, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Mace da namiji suna zaune cikin jijiyoyin jini da suka kewaye mafitsara, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana, shekara da shekaru. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a gefe guda, in zai fita sai ya keta bangon mafitsara, wannan shi ne jinin da yaro ke gani. In aka yi fitsarin a masai ko a busasshiyar ƙasa, ƙwan ya mutu, magana ta ƙare. In kuwa aka yi shi cikin kududdufi ko rafi, sai ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya shiga neman wata 'yar katantanwa ta ruwa wadda ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. In bai same ta cikin 'yan sa'o'i ba ya hallaka. In ya same ta sai ya shige jikinta ya yi ta hayayyafa, bayan kamar mako huɗu zuwa shida katantanwar ta fara sako dubban 'ya'yan tsutsa masu wutsiya, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa, ba sai ya sha ruwan ba. Wata biyu zuwa uku bayan haka shi ma ya fara zubar da ƙwai. Abin mamaki, tsakar rana ne katantanwar ta fi sako su, watau daidai lokacin da aka tashi daga makaranta, zafi ya ishi yara suka faɗa ruwa. Akwai wata 'yar'uwarta da ke zama a jijiyoyin hanji, ƙwanta na fita ta bayan gida, tana kumbura hanta da saifa, amma ta fitsari ita ce ta fi yawa a ƙasarmu.

Wanda ya san ƙasar nan ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ta sami wurin zama ba. Arzikin Maƙarfi rake ne, da mazarƙwailar da ake dafawa da shi. Arzikin Kudan da Ikara tumatir ne da albasa da tattasai, duk na rani. Rake da lambu kuwa ba sa yi sai da ruwa, saboda haka da sanyin safiya yaro na cikin kwari tsamo-tsamo yana taya ubansa juya ruwa ko jan tiyon inji, ƙafa ba takalmi. Ga kududdufan da aka haƙa don ginin gari, ga ramukan da masu aikin hanya suka bari, ga 'yan madatsun ruwa da aka yi don shanu. Kada kuma wani ya ce ai kududdufinmu yakan ƙafe da rani. Katantanwar nan takan nutse cikin laka ta yi kwanci, ruwan farko na sauka ta farka. Ba wanda zai ce wa manomin Gubuci ko na Kurmin Kogi ya bar fadamarsa, ni ma ba abin da na zo faɗa ke nan ba.

Maganar hedimasta cewa in yaro ya girma takan bari, tana da ƙanshin gaskiya, nan ne kuwa haɗarin yake. Jinin yakan ragu in mutum ya manyanta, amma ƙwan da ya maƙale cikin nama bai fita ba shi ke yin ɓarna a ɓoye. Bangon mafitsara ya yi tauri, hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda ta ƙuntata, ƙodar ta kumbura, waɗansu kuma a ƙarshe ciwon daji ya kama mafitsarar. Likitocin asibitin koyarwa na Shika suna ganin irin waɗannan dattawa, waɗanda cutarsu ta samo asali tun suna wanka a rafi da ƙuruciya. Ga mata kuma ƙwan yakan zauna a mahaifa da hanyarta, a yi ta maganin ciwon sanyi ba a dace ba, wata har haihuwa ta gagare ta. Amma mu malamai abin da ya fi kusa da mu shi ne na cikin aji. Yaron da ke zubar da jini kullum, ko da ɗigo ne, jininsa zai yi ƙaranci, ya rame, ya yi ta gyangyaɗi, karatu ya ƙi zama. Sau nawa muka rubuta wa irin wannan yaro "malalaci" a takardar sakamako, har muka haɗa masa da bulala?

Tsohuwar cuta ce. A 1910 wani likita mai suna Ruffer ya sami ƙwanta cikin ƙodar gawarwakin Misirawan dā da aka adana kusan shekara 3,000. Wani Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira cikin 1851, don haka ne Turawa ke kiran cutar da sunansa. Sai 1915 Robert Leiper ya tabbatar da aikin katantanwa, shi ma a Masar. Maganin farko kuwa azaba ne, allura ce ta jijiya da ake yi wa mutum kwana da kwanaki, tana sa amai da jiri, da yawa su gudu ba su ƙarasa ba. A Masar ɗin dai, yawan amfani da allura ɗaya ga mutane da yawa ya yaɗa ciwon hanta wanda ya wahalar da ƙasar shekaru masu yawa. Tun daga shekarun 1970 aka sami ƙwayar praziquantel, wadda ake haɗiya sau ɗaya tak. Kamfanin Merck na Jamus ya fara ba Hukumar Lafiya ta Duniya ita kyauta a 2007, ita ce ke isowa makarantunmu ta hannun Ma'aikatar Lafiya, da taimakon ƙungiyar Sightsavers wadda ta daɗe tana aiki a Jihar Kaduna. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2021 fiye da mutum miliyan 250 ke bukatar maganin, kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka suke, Nijeriya kuwa ita ce kan gaba.

To, magani ya zo kyauta har ƙofar aji. Saura yadda za a ba da shi, a nan ne na fi ganin sakaci.

Ba a bukatar sikeli, da sandar awo ake aiki. Yaro ya cire takalmi da hula ya tsaya jikin sandar, inda kansa ya kai nan aka rubuta yawan ƙwayarsa: daga santimita 110 zuwa 124 ƙwaya ɗaya da rabi, daga 125 zuwa 137 biyu, daga 138 zuwa 149 biyu da rabi, haka har sama. Malamin da ya ce zai auna da ido don sauri, zai ba wani abin da bai isa ya kashe tsutsa ba, ya ba wani abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwayar babba ce, ga ɗaci, lalle ne yaro ya haɗiye ta a gaban malami da ruwa mai tsabta. In ka ba shi a hannu ka juya baya, bayan taga za ka tsince ta. Na tsinta da hannuna a wata makaranta, alhali takardar da suka aika ofis ta nuna kowa ya sha.

Babban sharaɗi kuwa shi ne abinci. In aka sha ta da yunwa takan sa jiri da ciwon ciki da amai, in kuwa yara biyar suka kwanta a makaranta guda, kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa maganin gwamnati na kashe yara, badi ba uban da zai bar ɗansa ya zo. Saboda haka hedimasta ya je wurin dagaci da liman tun da sauran mako guda, a yi shela a masallaci ran Juma'a, a gaya wa iyaye ranar, kowane yaro ya karya da tuwo ko koko da ƙosai kafin ya fito. A gaya musu tun da wuri cewa wani zai ji jiri na 'yan sa'o'i ya wuce. A tsare yara cikin inuwa kamar sa'a biyu bayan sun sha. Wanda ba shi da lafiya ran nan a ɗaga masa, mai farfaɗiya kuma a bar wa ma'aikacin asibiti shawararsa. 'Yan mata a sa malama mace ta yi musu magana su kaɗai, don abin da ba za su faɗa a gabana ba za su faɗa mata.

Yanzu ga tawa da akawuna, na ofishin ilmi da na sashen lafiya. Da lissafin da kuka tura sama ake yanke yawan maganin da za a aiko badi, da shi kuma ake sanin ko an kai kashi 75 cikin 100 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci. In makaranta mai yara 300 a rajista ta kawo rahoton cewa 300 sun sha, a ranar kasuwar Maƙarfi ko lokacin tsinkar tumatir, to, duk mun san ba haka aka yi ba. A mayar da takardar a tambaya. Rahoton gaskiya mai cewa rabi suka sha ya fi amfani, don zai sa a sake sa rana. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, duba-gari kan leƙa har randar gida, mutane na jin haushinsa, amma abin da ya rubuta ya gani da idonsa.

Sa'an nan akwai yaran da ba su cikin rajistar kowa. Almajiran tsangaya, da 'ya'yan Fulani na ruga, da 'yan mata masu talla, duk rafi guda suke shiga da 'yan makarantarmu. Maganin nan yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana wata sabuwa shiga. In ka wanke ajinka ka bar waɗancan, damina ɗaya ta isa ta mayar da kai inda ka fito. Ƙa'idar da Hukumar ta fitar a 2022 ta ce duk garin da cutar ta kama kashi 10 cikin 100 ko fiye, a ba kowa magani kowace shekara tun daga ɗan shekara 2, har manya. Hedimasta mai hankali zai je da kansa ya gai da alaramma, ya roƙe shi ya turo almajiransa ran da za a raba, ya kuma aika wa arɗo.

Mutanen Yamanashi ta ƙasar Japan sun yi fama da irin ta hanji cikin gonakin shinkafa, suka yi ta shafe hanyoyin ruwa da siminti suna kashe katantanwa shekara da shekaru, sai 1996 suka yi shelar sun rabu da ita. Mu ba mu da kuɗin wannan, amma masai bai fi ƙarfin kwamitin makaranta ba. Makarantu da yawa da na ziyarta ko dai ba masai, ko akwai an kulle shi don malamai, yara kuwa su gangara bakin ruwa. A buɗe musu. Inda akwai rijiyar burtsatse a gyara ta, a bar yara su watsa ruwa a nan bayan an tashi. Ruwan rafi in an ɗebo an ajiye shi kwana biyu ba katantanwa a ciki, ya zama na wanka ba haɗari. Wanda ya sha magani jinin bai tsaya ba bayan 'yan makonni, a kai shi asibitin Ikara ko na Maƙarfi ko na Hunkuyi a auna fitsarinsa. A Maƙarfi kuma ga makarantar koyon aikin lafiya mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, ɗalibanta na neman wurin gwada abin da suka koya, ban ga abin da zai hana Sakataren Ilmi ya rubuta musu takarda ya gayyace su ranar rabon magani ba.

Hedimastan da na fara da labarinsa ya aiko mini da saƙo bayan damina. Ya ce an raba magani, yaron nan mai yawan fita ya daina, amma alaramman garin bai turo almajiransa ba, ya ce sai ya ga abin da ya sami 'yan boko tukuna. Na amsa masa cewa ya koma da mai unguwa, ya tafi da yaron da ubansa.