Ƙashin da Ya Zama Dutse

Mu mutanen Kura da Bunkure, haƙa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, kullum fartanya da shebur suna hannunmu. To, amma mun taɓa tunanin cewa akwai masu haƙa ƙasa domin neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun dā?

A ƙarƙashin gonakinmu tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ba ya ajiye ƙashi. Ƙasar Sakkwato kuwa dabam take, gama a dā can teku ya taɓa rufe ta. A wajajen Goronyo, inda su ma suke noman rani yanzu, masana daga Italiya sun tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren ruwa. A 1972 suka raɗa masa suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. An ƙiyasta ya rayu kusan shekara miliyan 70 da suka wuce. Laka ce ta binne shi, ma'adinan da ke cikin ruwa suka riƙa shiga ƙashin kaɗan kaɗan, har ya zama dutse.

Tonowa ita ce farkon aiki. Ko da ƙashin ya zama dutse, yana da saurin farfashewa kamar tsohuwar tukunya. Saboda haka ba a ɓamɓare shi. Sai an zana yadda yake kwance tukuna, an ɗauki hotonsa, an ba shi lamba. Sa'an nan a haƙa kewaye da shi, a rufe shi da takarda, a naɗe shi da tsumman buhu da aka tsoma cikin filasta, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti. In ta bushe, sai a ɗauke shi duk da ƙasarsa.

A ɗakin aiki na gidan ajiye kayan tarihi, inda baƙi ba su shiga, ake yanke filastar. Ma'aikaci yakan zauna da allura da ɗan buroshi da madubin ƙara girma, yana cire dutse ƙwaya ƙwaya. Inda ya ga tsaga, sai ya ɗiga gam mai ruwa ruwa, ya jira ya bushe. Ƙashi guda yakan ci watanni. Lalle a nan ne mai haƙuri yake dafa dutse. Bayan haka maƙera su ƙera ƙarafan da za su riƙe ƙasusuwan a tsaye. In ƙashin ya cika nauyi ko rauni, sai a zuba kwafinsa da roba a nuna wa jama'a, a adana na ainihi.

Ga misali daga maƙwabtanmu na Nijar. A 1965 wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya sami ƙasusuwan wata dabba mai tsawon kusan mita 7 a Gadufawa, cikin hamada a jihar Agadas. An kai su Faris, aka share su, aka yi kwafinsu. Sai a 1976 ya buga bayaninta, ya kira ta Ouranosaurus. An mayar da ƙasusuwan gidan kayan tarihi na Yamai. Mai kallo yakan tsaya minti biyar ya wuce, bai san an yi wajen shekara goma ana fama ba.

Me ya shafe mu? Irin waɗannan abubuwa, sau da yawa manoma da makiyaya da masu haƙar rijiya ne suke fara ganinsu. Ko a yankinmu, mai haƙa yana iya cin karo da tsohuwar tukunya ko kayan aikin mutanen dā. In haka ta faru, kada mu fasa, kada mu sayar, kada kuma mu ɗauke shi daga inda yake, gama wurin da abu yake kwance shi ne ke nuna shekarunsa. Mu rufe shi, mu gaya wa mai unguwa, a kai labari Gidan Makama a Kano, wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Ran da muka shiga birni kuma, mu kai yaranmu can su gani da idonsu.