TSADAR WUTA DA LAFIYAR IYALI

Maganarmu ta yau a kan wuta ce, watau wutar girki da wutar lantarki, da yadda tsadarsu ke taɓa lafiyar iyali. Watakila wani ya ce, ina ruwan ma'aikatan lafiya da kuɗin gas ko na lantarki? To, ga dalili. Kome tsadar makamashi, talaka ba ya daina ɗora tukunya. Sai dai ya koma ga abin da ya fi araha: ɗanyen itace, da kara, da kashin shanu, har da leda wajen hura wuta. Aljihu ya sami sauƙi, amma huhu ne ke biyan cikon kuɗin.

Ɓarnar Hayaƙi

A cikin hayaƙin murhu akwai wata ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani. Gashin hanci ba ya tare ta. Takan wuce can cikin huhu, wata ma har ta shiga jini. Ga yara ƙanana takan jawo ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya. Ga manya kuwa, bayan shekaru, takan kawo tari mai naci, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Mace mai ciki wadda ke wuni cikin hayaƙi tana iya haihuwar jariri marar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200, cikinsu akwai yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Mata da goyonsu su suka fi shan wannan wahala, gama su ne a bakin murhu safe da yamma.

Akwai kuma wani haɗari wanda ya fi wannan saurin kisa. Garwashin gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. In aka shiga da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu aka rufe ƙofa da taga, ko aka ajiye janareta a soro ko a gindin taga don tsoron ɓarayi, iskar nan sai ta taru. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci ba ya jin kome, sai dai a wayi gari a tarar da gawa.

Abin Da Ya Kawo Tsadar

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Hujjar Gwamnati ita ce kuɗin tallafin ya fi ƙarfin baitulmali. Amma tun da yake itace da gawayi da gas duk a mota ake kawo su kasuwa, sai tsadar ta bi su. A 2024 kilon gas ya haura naira 1,000 a garuruwa da yawa, har waɗansu matan da suka saba da shi suka koma gawayi. A watan Afrilu na shekarar 2024 kuma hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ƙara wa masu rukunin A kuɗi daga naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. Su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana.

Dabarun Gwamnati

Dabara ta farko ta shafi girki. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin ƙasa na girki marar hayaƙi, da nufin kowane gida ya sami tsabtatacciyar hanyar dafa abinci kafin 2030, ko gas, ko lantarki, ko murhun zamani mai cin itace kaɗan.

Ta biyu ta shafi lantarki. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Har wa yau akwai Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wadda ke tallafa wa kamfanoni su kafa ƙananan tashoshi masu aiki da hasken rana a ƙauyukan da babban layi bai kai ba. An buɗe irin wannan tasha a Rokota ta Jihar Neja a 2019. A watan Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 domin faɗaɗa aikin.

Ga yadda abin yake. Kamfani yakan ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen gari. A keɓe fili, a jera farantan sola, a ajiye batura masu riƙe wuta don dare, sa'an nan a ja waya gida gida. Kowane gida da mitarsa, mutum ya sayi wuta daidai ƙarfinsa. Kada a ɓoye muku, kuɗin yunit ɗinta yakan fi na babban layi, amma bai kai abin da janareta ke sha na fetur ba. Amfaninta ga lafiya kuwa a fili yake. Ungozoma ta karɓi haihuwar dare da haske. Maganin rigakafi ya zauna cikin firiji a sanyin da yake bukata, watau tsakanin digiri 2 da 8. Famfon burtsatse ya ba da ruwa mai tsabta. Yara su yi karatu ba tare da hayaƙin aci-balbal ba.

Abin Da Ya Rage Gare Ku

Aikin Gwamnati ba ya isa ko'ina rana ɗaya. Kafin ya iso, lalle ne kowane mai gida da uwargida su kiyaye waɗannan:

1. A yi girki a fili, ko a madafa mai taga ko kafar fitar hayaƙi.
2. A shanya itace ya bushe sosai. Kada a hura wuta da leda ko roba.
3. A jiƙa wake tun da dare, a riƙa rufe tukunya, itace zai yi auki.
4. A sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da murhu.
5. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Janareta kuwa a waje, nesa da ƙofa da taga.
6. Kada a zuba kananzir cikin kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan da nan.
7. Yaron da ke tari da numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, kada a kwana da shi a gida.
8. Mai gas, in ya ji wari, ya rufe tukunyar, ya buɗe taga, kada ya ƙyasta ashana.

Ku kuma dagatai da masu unguwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tara jama'a, ku ƙidaya gidaje da shaguna da injinan niƙa na garinku, ku kai buƙatarku ga ƙaramar hukuma a rubuce. In kamfani ya zo, kada ku sa hannu sai an karanta muku farashi a bainar jama'a, da mata a wurin. Ku nemi a fara da ɗakin shan magani. In an kafa tasha, ku tsare ta kamar rumbunku, kada a bar kowa ya saci wuta, gama satar mutum ɗaya ita ke jefa gari duka cikin duhu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.