Aikin Dozin a Rijiyar Zaki

Rijiyar Zaki, da ke ƙaramar hukumar Ungogo, wuri ne da birnin Kano ya cim masa ta Titin Gwarzo. Gonakin gero da dawa da yawa sun koma fulotai, waɗanda suka rage kuwa ba sa riƙe gida har wata kaka. Shi ya sa matashi, ko ɗalibin Jami'ar Bayero da ke maƙwabtaka, kan nemi abin yi na 'yan awanni, irin su haɗa takalma a ƙaramin shago.

Aikin ba ya buƙatar inji. Maigida ne ke sayo fata da soso da gam a kasuwar Ƙofar Wambai, ya yanka. Na mai haɗi shi ne ya kankare tafin da samfefa, ya shafa gam a fuskokin biyu, ya bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ya manna, ya bi da guduma. Wanda ya yi garajen mannawa, takalmin zai buɗe baki tun ba a sauko daga Idi ba. Mata ma suna karɓar nasu a cikin gida, kamar manna duwatsu a mayafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne biya. Ba da wata ake lissafi ba, da dozin ne. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya zuwa naira 70,000, amma dokar ta ware masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka haɗa, da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mai haɗa takalmi yakan faɗa cikin ukun nan gaba ɗaya, don haka kariyarsa ita ce maganar da aka yi tun farko. Nawa ne dozin? Ranar kai kaya za a biya, ko sai "idan an sayar"? Wanda ya lalace, wa zai ɗauki asararsa? Kunya ke hana yara tambaya, musamman idan maigidan kawu ne, kuma a nan zumunci ya fi ɓaci.

Sai batun gam. Warinsa ɗan'uwan sholisho ne, yana sa jiri da ciwon kai, ga saurin kama wuta. A zaure mai iska ko ƙarƙashin rumfa ake shafa shi, nesa da murhu, ba a ɗakin da yara ke kwana ba.