Hukuncin Ziyartar Kufan Haikalan Mutanen Da ga Mai Tafiya Shi Kaɗai

Kufan al'ummomin da suka shuɗe iri biyu ne. Na farko shi ne inda azaba ta sauka, kamar Hijir, mazaunin Samudawa. Yayin da Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta can zuwa Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga gidajensu sai suna masu kuka, ya kuma yi umarni a zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Na biyu shi ne inda babu nassin saukar azaba a kansa, irin haikalan Karnak da Luksor a Masar. Ziyartarsu tana shiga ƙarƙashin umarnin Alƙur'ani na tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar izina, muddin babu girmama gumaka ko neman tabarruki.

Dangane da kaɗaita kuwa, hadisin Ibn Umar a Bukhari ya tsoratar game da tafiyar mutum ɗaya cikin dare. Malamai sun rataya illar hanin ga fargabar cutuwa da rashin mataimaki. Saboda haka wanda ya je da rana, ta hanya amintacciya wadda jama'a ke bi, al'amarinsa ya fi sauƙi. Allah ne Mafi sani.