Kwamfutar Da Ba Sai Ka Saya Ba

Wannan makon mun kawo muku bayani a kan wani wuri da yawancinmu 'yan Fagge da Sabon Gari ba mu taɓa shiga ba, alhali adaidaita sahu ma zai kai mu. Wurin shi ne Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello a Nasarawa, ƙarƙashin Hukumar Laburare ta Jihar Kano. Sunan Janar Murtala aka sa masa, ɗan Kano, shugaban ƙasar da aka kashe a 1976.

Da yawanmu muna zaton laburare littattafai ne kawai da "a yi shiru". To akwai sashen kwamfuta ma, na jama'a ne, ba na 'yan jami'a kaɗai ba. A irin wannan sashe littafin yana cikin kwamfuta, ba a kan kanta ba. Mutum goma za su iya karanta littafi ɗaya a lokaci guda, kuma ba wanda zai yage shafin da kake nema. Idan akwai intanet, har Wikipedia ta Hausa za ka iya buɗewa.

Me ya dame mu da wannan, mu da ko jarabawar aji uku ba mu rubuta ba? JAMB ce. Tun 2015 aka daina rubuta ta da fensir da takarda, sai da kwamfuta. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai arba'in-arba'in na sauran darussa uku. Mun yi lissafi a kulob, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta a 2024 ga masu rubutawa daga waje.

Yayar ɗaya daga cikinmu ta ce ranar jarabawar ce ta fara kama maus a rayuwarta. Hannunta yana rawa, 'yar kibiyar tana gudu nan da can, agogon da ke kan allo kuwa bai tsaya jiran ta ba. Ta yi karatu sosai, amma lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi. Sai daga baya ta ji cewa ba dole sai da maus ba. A kibod za ka danna A, B, C ko D ka zaɓi amsa, N ta kai ka tambaya ta gaba, P ta dawo da kai baya, S kuma ta miƙa aikin. Wannan S ɗin a kiyaye ta sai an gama.

Wani zai ce ai yana danna wayar Yaya kullum. Waya daban, kwamfuta daban. Mu ma a aji mun haddace sunayen sassanta, mun zana ta a littafi har da kala, amma zane ba ya kunnuwa. Wani kuma zai ce akwai kafe a Sabon Gari. Gaskiya ne, sai dai kuɗi ake biya, kuma sau da yawa mai shagon ne zai karɓa ya yi maka komai kana tsaye a bayansa. Ka fita da takardarka, ba ka koyi komai ba.

Idan kun je, ku fara gaida ma'aikatan, ku tambayi ƙa'idar rajista da lokacin da ake buɗe sashen. Ku riƙe katin makaranta. Kwamfutar ta kowa ce, don haka kada ku yarda ta ajiye kalmar sirrinku, kuma ku fita daga imel ɗinku kafin ku tashi, in ba haka ba wanda ya zauna bayanku zai karanta komai. Kada a sa filashi sai da izini, domin ta nan bairos yake yawo.

Wasunmu, musamman mata, ba za a bar mu mu je Nasarawa mu kaɗai ba. Shi ya sa muke roƙon Malamin Kwamfuta da Shugaban Makaranta su rubuta wa iyayenmu takarda, a kai mu aji-aji ko sau ɗaya ne a zango. Mai son zuwa ya ba monitan ajinsu sunansa kafin ranar Alhamis.