Batirin lityom mai shaƙar iska: abin da kalmar «iska» take ɓoyewa

1. Yadda batirin yake aiki

Batir na yau da kullum yana ɗauke da dukan sinadaransa a cikinsa. Batirin lityom mai shaƙar iska kuwa ɗaya kawai yake ɗauka, wato ƙarfen lityom. Na biyun, oksijan, daga waje yake shigowa ta cikin wani gawayi mai ƙananan ƙofofi. Idan suka haɗu, wutar lantarki ta fita, sai wani gari (Li2O2) ya kwanta cikin ƙofofin. Idan aka mayar wa batirin da wuta, garin ya warware, oksijan ya koma waje. Abraham da Jiang ne suka fara nuna irin wannan batir a Amurka, a shekarar 1996.

Bisa lissafi, kilo ɗaya nasa yana iya riƙe kimanin wat-awa 3500, alhali batirin wayar salula bai cika wuce 300 ba. Dalilin ke nan da ya sa ake sa masa rai wajen motocin lantarki.

2. Matsalar iska

Iskar da muke shaƙa gauraye ce: kashi 78 cikin 100 azot ne, kashi 21 oksijan, sauran kuma ya haɗa da gas karbonik da laima. Batirin oksijan kaɗai yake bukata. Laima tana cin ƙarfen lityom. Gas karbonik kuma yana haifar da wani gishiri (Li2CO3) mai wuyar warwarewa, wanda ke toshe ƙofofin gawayin har batirin ya mutu.

Hanyoyi biyu ake bi. Ko a haɗa batirin da tukunyar oksijan zalla, ko a sa masa famfo da matata da abin busar da iska. Kowace hanya tana ƙara nauyi, famfo kuma yana cin wuta, ta haka sai ribar da lissafi ya nuna ta ragu ƙwarai. A ƙasa kamar Nijar, matatar za ta fuskanci ƙurar hunturu da laimar damina.

An sami ci gaba. A 2018, masu bincike na Jami'ar Ilinoi ta Shikago da cibiyar Argonne sun kāre lityom da wani rufi, batirin ya jure cikawa da juyewa sau 700 cikin iskar da aka haɗa kama da ta waje. A 2023, wani samfuri mai daskararren sinadari a tsakiya ya kai sau 1000. Duka biyun a ɗakin gwaji ne.

3. Abin da ya shafi kalmomi

A Hausa, «iska» tana nufin wadda ake shaƙa, da wadda ke kaɗawa, da gas kowane iri, har da aljan. Idan littafin yaƙi da jahilci ya ce «batirin yana aiki da iska» ya tsaya nan, mai karatu zai ɗauka kowace iska ta isa, ko ma ya zaci injin da iska ke juyawa ake nufi. Ke nan an ɓoye masa ainihin matsalar.

Saboda haka ana ba da shawara a bar «iska» ga gaurayen da ake shaƙa, a riƙe «oksijan» a matsayin kalmar aro mai zaman kanta, a koyar da ita tun farko. Fi'ilin «shaƙa» kuwa ya dace, domin yana nuna cewa abin shiga yake daga waje, kuma yana iya shiga da cuta.